Yadda na bi jirgin ƙasa zuwa Nguru sarin bandar kifi

Mu mutanen yankin Malam Madori jirgin ƙasa ba baƙon abu bane a wajenmu, layin dogo ta bayan gonakinmu ya ratsa, amma abin mamaki da yawanmu har muka girma ba mu taɓa leƙa cikin tarago ba, sai dai mu ɗaga masa hannu in zai wuce. Ni ma sai da kawuna mai sarin bandar kifi ya fara fama da ciwon gwiwa yana neman mai kama masa kaya sannan na fara shiga, a shekarun da jirgin Kano zuwa Nguru yake ɗan zirga-zirga. To ga abin da na gani, wataƙila ya amfani wani.

Farko dai maganar lokaci. Muna zaune a tasha tun hantsi na ce Kawu wai ƙarfe nawa zai iso ne, sai ya yi dariya ya ce "ɗan nan, jirgi ba a tambayarsa ƙarfe nawa, tambayar da ake yi ita ce yau ne ko gobe." Ashe shi ya sa ya taho da tabarma da buta da gorar fura. Layin ƙwaya ɗaya ne tal, daga Kano ya bi ta Jogana, Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa kafin ya zo mana, to duk abin da ya tsayar da shi a can baya, ko lodin kaya ne ko injin ne ya yi gardama, kai da ke gaba kai za ka biya da zama. Wanda ya saba ba ya ma kallon agogo, kunne yake kasawa, don kukan jirgin yana riga shi isowa da nisa.

A zaman jiran nan ne na fara fahimtar dalilin da ya sa jirgin yake haka. Wannan layi ba don ni da kai aka shimfiɗa shi ba, don kaya ne. Jirgi ya fara isa Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, su Alhassan Dantata suka riƙa tara buhuna ana yin dala, sai Turawa suka ga ai gyaɗar da ke gabashin Kano da fatu da ƙiraga da ƙaro da shanun da ke gangarowa daga arewa duk suna buƙatar hanyar zuwa teku, shi ne aka ja reshe daga Kano ya dire Nguru a 1930, tsawon kusan kilomita 230. Ka duba ma yadda ya bi, bai shiga cikin garin Haɗejia ba duk da girmanta da sarautarta, Malam Madori ce ta zame mata tasha, haka Gagarawa ta zame wa Gumel. Garinmu kusan a ce jirgi ne ya raya shi, dattawa har yau suna nuna filin da ake jera buhunan gyaɗa kafin a loda. Fasinja dai ɗan rakiya ne tun asali, kuma wallahi in ka shiga za ka ji hakan a jikinka.

Cikin taragon kuwa kasuwa ce guda. Mata da ƙullin kaya, almajirai, Fulani da sandunansu, wani da kaji a kwando ƙarƙashin benci, masu tallan gyaɗa da dafaffen ƙwai suna hawa a wannan tasha su sauka a ta gaba. Mai duba tikiti yana ratsawa, in ba ka yanka ba za ka ji kunya a gaban mutane, don haka ka yanka tun a tasha ka soke shi a aljihun gaba. Ƙura ta taga ba a magana, lokacin hunturu sai ka sauka fari fat. Gudun kuma ba wani gudu ba, layin siriri ne irin na da, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba, ga shi ya tsufa, dole direba ya lallaɓa. Amma ni fa ban ga laifin hakan ba a ranar, daga Birniwa zuwa gaba kana kallon ƙasa tana canzawa, yashi yana ƙaruwa, bishiyoyin goruba da ƙaya, can kuma kwatsam sai ka fara hango ruwa da kore a inda ba ka zata ba.

Nguru nan ne ƙarshen ƙarfe. Babu gaba, injin sai dai a cire shi ya zagayo ya kama ɗaya ƙarshen don komawa Kano. Ko da aka zo kai jirgi Maiduguri ba ta nan aka bi ba, ta Bauchi da Gombe aka ja layin ya isa a 1964, Nguru ta zauna a matsayinta na bakin hanya. Tashar da ka gan ta ka san ta ga jiya, layukan ajiye tarago da yawa, manyan rumbunan kaya, gidajen ma'aikatan reluwe irin ginin da. Garin tsohon suna ne da shi tun zamanin daular Borno, mazaunin Galadima ne, amma cikar da ya yi da Hausawa da Yarbawa da Inyamurai a kan Mangawa da Barebari da Badawa na yankin, jirgi ne ya jawo. A wancan zamani nan ake tara shanu da busasshen nama a tura kudu. Da aka yi fari na rashin ruwan sama a farkon shekarun 1970, cuta ta kama gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, ga manyan motoci sun samu kwalta, sai harkar ta riƙa ja da baya.

Abin da ya kai mu dai tafkin ne. Ruwan tafkin Nguru daga kogin Haɗejia yake zuwa ta mashigar Marma, wato ruwan da ke wuce mu ne yake taruwa a can, kuma a shekarar 2000 aka sa wajen cikin jerin dausayin duniya na Ramsar, shi ne na farko a Najeriya, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan. Masunta kuwa ba tsuntsu ne ya dame su ba, kachala ce. Ciyawar nan ta cinye bakin ruwa ta toshe hanyoyin kwale-kwale, kuma duk wanda ka zauna da shi sai ya kawo maka zancen dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, cewa tun da aka tare ruwa a sama ambaliyar da ke zuwa da lokacinta ta rikice, ruwa ya koma kwanciya wuri ɗaya rani da damina, ita kuma kachala abin da take so kenan. Kawu ya ce girman tarwaɗar da yake saya yana saurayi yanzu sai an tona.

A wajen sari na koyi cewa ba a sayen banda da ido kawai. Kawu sai ya ɗauki ɗaya ya karya, ya shinshina, ya duba cikin ko akwai danshi ko tsutsa, don wadda ba ta bushe sosai ba ta fi nauyi ta fi kyan gani amma kafin ka kai gida ta fara fumfuna. In mai kifi ya ce "Alhaji ai ta jiya ce," Kawu sai ya ce to bari mu ga ta ƙasan kwalin. Ni dai aikina ɗaure kwali da igiya da rubuta alama a jiki da gawayi.

A dawowa ne na gane abin da ya sa tsohon yake haƙuri da jirgi. Kaya ana auna su ne a biya kuɗinsu daban a ba ka takarda, ka riƙe ta da kyau, kuma ka samu 'yan dako tun kafin a fara rububin hawa, ka tsaya da kanka ka ga inda aka ajiye maka, kar a ɗora buhun gero a kai. In ka yi haka shikenan, kwalin nan ba mai taɓa shi har ka sauka. A mota kuwa a saman rufi za a ɗaure shi a ja igiya da ƙarfi, ko yaron mota ya zauna a kai, ga ramuka, ga tsayawa a shingaye ana ta miƙa na goro wanda a ƙarshe kan mai kaya yake komawa. Banda kuma in ta farfashe ta tashi daga kifin da ake sayarwa ɗai-ɗai ta koma gari da ake aunawa a kwano, kuɗin ba ɗaya ba ne ko kusa. Da muka buɗe kayanmu a gida ɗan abin da ya karye bai cika kwano ba, Kawu ya ce a kai wa Inna ta sa a miyar kuka.

Amma ɗanyen kifi ko tumatir ko mara lafiya da za a kai asibiti, kar ka soma, nemi mota ko nawa ne. Haka da damina in ruwa ya yi yawa yakan ci ƙasan layin a wasu wurare a dakatar da tafiya, don haka kafin ka ɗaure kaya ka taka da ƙafarka zuwa tasha ka tambayi ma'aikatan ko akwai jirgi a satin, kar ka dogara da wai an ce. Masu tambayata ko sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021 zai taimaka mana, shi ta Kazaure da Daura da Katsina ya nufa, da reshe zuwa Dutse, kuma mai faɗi ne, taragonsa ba zai hau namu ƙarfen ba.