Abin da shekara huɗu a harabar kotu ta koya min

Makon jiya na miƙa makullin ofis da katin shaida, na bar ƙungiyarmu mai taimaka wa fursunoni su fito daga gidan yari, bayan shekara huɗu. Waɗanda muka sha zaman benci tare a harabar kotu sun san aikin, ba sai na tsaya bayani ba. Abu ɗaya ne yake cin raina har yau, shi nake so in faɗa saboda yaran da suka shigo bayanmu.

A shekarata ta biyu akwai wani yaro ɗan shekara 19 da aka yanke wa wata shida ko tarar naira dubu 30 kan satar waya. Babarsa awara take soyawa a ƙofar gida, ina za ta samu dubu 30. A lokacin ogan namu ya matsa lallai sai mun fito da mutum goma kafin masu ba mu tallafi su zo, ni aka ba jerin sunayen, muka yi karo-karo a WhatsApp da masallatai biyu kuɗi suka haɗu. Da na je unguwarsu karɓar sa hannu, mai unguwa ya riƙe hannuna ya ce ɗana, kafin ku fito da shi ku zo mu zauna da wanda aka ɗauke wa wayar, mu kuma lallashi ubangidansa na gareji ya mayar da shi. Na ce to Baba in sha Allahu, ban koma ba, saboda saura kwana tara baƙi su sauka kuma ina da sauran mutum shida a hannu.

Ranar Alhamis muka fito da shi, aka sa masa rigar ƙungiya aka ɗau hoto a bakin ƙofa, na ba shi dubu biyu kuɗin mota na wuce. Ubangidan ya ce ba ya son ɓarawo a garejinsa. Ko kaza ce ta ɓata a layin shi 'yan sintiri suke fara ɗauka. Sati bakwai tsakani aka yi kame da daddare aka haɗa da shi, wannan karon kuma fashi aka rubuta, laifin da majistare ba shi da hurumin saurara, sai dai ya tura mutum ajiya a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Yaron da ya rage masa 'yan watanni ya gama zamansa, yanzu ya haura shekara biyu a ciki ba a ma fara shari'ar ba, ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya. Wallahi duk ranar da na tuna hannun tsohon nan a kan nawa sai barci ya gagare ni.

Laifina ne, na karɓa. Amma abin da ban manta ba shi ne taron da aka yi bayan nan, oga ya miƙe gaban kowa ya ce ni ne ban bibiyi yaron ba, alhali shi ya hana kuɗin mota na zuwa unguwanni ya ce ba ya cikin kasafi, kuma hoton yaron nan da rigarmu shi ne a bangon rahoton shekarar, ba a cire ba. Shawarata ga duk mai shigowa, in shugabanka ya fi tambayar mutum nawa aka fitar a kan ina suka kwana daren farko, ka riƙa rubuta duk umarnin da ya ba ka da kwanan wata.

Shi ya sa a Nuwamban 2023 da ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da naira miliyan 585 don biyan tarar fursunoni 4,068 na yi murna ƙwarai, amma zuciyata tana kan unguwannin da za su koma. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba ɗauri ba, kamar aikin al'umma, mu kanmu ba mu taɓa roƙon kotu ta yi amfani da shi a kan yaron nan ba, tara kawai muka iya biya don ita ce take fitowa a hoto.

Sauran darussan gajeru ne. Beli kyauta ne a caji ofis, amma kar ka tura uwa ita kaɗai ta faɗi haka. Sashe na 34 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya ce majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata, ku haddace shi. Ku girmama gandirobobi da magatakardan kotu, su suka san inda fayil ya maƙale.

Bayan abin ya faru na daina sa sunan kowa a jeri sai na zauna da mai unguwa da iyaye da wanda aka cuta. Yara bakwai muka sa koyon walda da ɗinki da gyaran waya, kuɗin kuma 'yan kasuwar unguwar ne suka haɗa, ba baƙi ba, har yau babu wanda ya koma ciki. Ba su shiga rahoto ba don an ce adadin ya yi kaɗan.

Babar yaron tana kirana duk Juma'a, ta ce Malam akwai labari? Akwai lauya guda da ta karɓi maganar kyauta, ta shigar da buƙatar beli a babbar kotu, an sa rana wata mai zuwa. Ba ni da kati yanzu, amma na riga na gaya wa mai unguwa tare za mu je, shi zai tsaya masa.