Tarihin Alƙali Landis, Kashi na Uku: Tarar da Ba a Biya Ba

Makon jiya mun tsaya a 1905, lokacin da Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya naɗa Kenesaw Mountain Landis alƙalin kotun tarayya a Chicago. Yau sai maganar da har yanzu take ci mini rai, shari'ar Standard Oil, kamfanin man fetur na attajiri John D. Rockefeller, ta 1907.

Ga yadda abin yake. Kamfanin na reshen Indiana yana ɗora mai a jirgin ƙasan Chicago and Alton daga Whiting zuwa East St. Louis. Kuɗin dako a rubuce santi 18 na dala ne kan kowane nauyin fam 100, shi kuwa yana biyan 6 a ɓoye. Dokar Elkins ta 1903 ta hana wannan rangwame, tarar kowane laifi kuma ba ta wuce dala 20,000 ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi 1,462, kowane tarago laifi guda. Landis ya buga mafi tsananin tara a kan kowanne: dala 29,240,000. Har Rockefeller sai da ya sa aka kawo gaban kotu.

Garin neman gira, in ji manya, akan rasa ido. Jarin reshen Indiana dala miliyan 1 ne kacal. Landis ya auna tarar da dukiyar uwar kamfanin ta New Jersey, wadda ba a ma gurfanar ba. A 1908 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce ba a ƙirga laifi da tarago, kuma Landis ya toshe wa kamfanin hanyar nuna cewa bai san farashin hukuma ba. Da aka sake shari'ar a 1909, aka wanke su sarai.

Halin nan bai bar shi ba. Victor Berger, ɗan siyasar gurguzu, da ya ɗaure shekara 20 a 1919, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1921 saboda an zargi alƙalin da ƙin Jamusawa amma ya ƙi sauka daga shari'ar. Girar nan dai. Ni da ya tsaya a tarar da za ta jure ɗaukaka ƙara, da ko kwabo ya shiga baitulmali.

An ce Rockefeller yana filin golf labari ya iske shi, ya ce alƙalin zai daɗe da mutuwa kafin a biya. Shi ya riga tafiya a 1937, Landis sai 1944. Mako mai zuwa: yadda masu ƙwallon baseball suka ɗauke shi a 1920.