A filin zaɓen ɗalibai ake koyon siyasa

Ni fa a ganina ba a lacca ake koyon dimokuraɗiyya ba, a zaɓen ƙungiyar ɗalibai ake koyonta, inda za ka ga yaro ɗan aji biyu yana bi ɗaki-ɗaki da fosta da gam a hannu, ana yi masa tambayoyi kan ruwan famfo da wutar hostal har gumi ya karyo masa, ranar zaɓe kuma ya tsaya a ƙirga ƙuri'a a gabansa, in ya faɗi ya haƙura.

Ku tuna 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na kullum, ai ɗalibai ne suka fito da "Ali Must Go" suna neman Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati ta haramta NUNS, ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta ƙasa.

To yanzu kuma sai ka ji wata jami'ar ta rushe ƙungiya ta naɗa kwamitin riƙo, ko ɗan siyasa ya sayi ɗan takara da atamfa da katin waya. Haba! Wanda ya tashi a haka, gobe in ya zama kansila me kake so ya yi?