Argungu a Lokacin da Babu Biki

Yawancin mutane a talabijin suka san Argungu, lokacin bikin kamun kifi: dubban masunta sun ruga cikin ruwa da goruna da taruna, makaɗa na ta aiki a cikin kwalekwale. Ni a lokacin kaka na je, ana tsaka da yankan shinkafa a fadama, garin ba baƙi ba cunkoso. A ganina wanda tarihi ya kai shi, wannan ne lokacinsa, don a ranakun biki ba mai sararin zama ya ba ka labari.

Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa guda ce a mota. Ina sauka na hau babur zuwa Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a nan suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Da ka shiga zaure za ka ji sanyin ginin ƙasa ya ratsa ka, ko da rana ta take a waje. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da layun yaƙi waɗanda fatarsu ta yi baƙi saboda daɗewa, da tambura. A cikin gidan ne kuma kaburburan sarakuna suke. Nan na tuɓe takalmi na yi musu addu'a, kuma ina ba kowa shawarar ya shiga wurin da ladabi, don zuriyarsu na nan cikin gari.

Dattijon da ya zagaya da ni bai buɗe baki sosai ba sai da muka gaisa gaisuwa ta kirki, na ce, "Baba, ɗalibi ne ni, na zo neman sani." Daga nan labari ya ɓalle. Ya faro daga Muhammadu Kanta, wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16, ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Ya zo kan 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Kabawa suka tarwatse, daga baya suka tattaru a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, aka yi ta ɗauki ba daɗi da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Na karanta waɗannan yaƙe-yaƙe a makaranta, amma daga ɓangaren Sakkwato kawai. Jin su daga bakin Bakabe, a gaban makaman da aka yi su da su, ya sa na gane nauyin abin da ya faru a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka shirya masa kamun kifi na girmamawa. Ashe bikin da duniya ke kallo, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin al'adun gado a 2016, tushensa sulhu ne bayan gaba mai tsawo.

Da la'asar na gangara Matan Fada, inda ake gasar. Rumfunan 'yan kallo wayam, sai yara da awaki a filin, ruwan kuma kwance lumui, don ba a su a wurin sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wani masunci da ke gyaran taru a inuwa ya nuna mini gorarsa: ƙatuwa ce, da baki a sama, jikinta ya yi santsi saboda guga. A kanta yake kwanciya da ƙirji ya yi iyo, hannayensa biyu riƙe da homa, wato tarun hannu, in ya kama kifi ya jefa a cikin gorar. Giwan ruwa kuwa, in Allah ya ba mutum babba, sai an taya shi fito da ita.

Wanda zai je ya fara da gidan tarihi da safe, ya bar bakin ruwa sai yamma, ya kuma riƙe ɗan abin hasafi ga wanda ya zagaya da shi. In yana son ganin ganuwar duwatsu ta Surame, tana cikin jihar Sakkwato ne yanzu, a daji, sai ya ware mata yini guda da rani, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora.