Fostar da ta cinye mana aikin shekara uku

Ranar Juma'a na miƙa katin shiga ɗakin gwaji, bayan shekara huɗu. Ku da muka yi aiki tare kun san labarin fostar, wato allon bayanin bincikenmu da na kai taron injiniyoyi har ya hana mu takardar mallakar na'urarmu a Turai, amma daga bakin oga kuka ji shi. Ga nawa.

A makon farko an zaunar da mu, aka ba mu tarihin irin cibiyarmu ta ƙera na'urorin asibiti, kuma duk inda labarin ya zaga, kan Alfred Mann yake dawowa. Shi ya kafa kamfanin Pacesetter mai ƙera na'urar daidaita bugun zuciya, da MiniMed mai famfon insulin, wanda kamfanin Medtronic ya saye a 2001. A 1998 ya ba Jami'ar Kudancin Kalifoniya kyautar da ta kai dala miliyan 100, aka kafa cibiya da sunansa a Los Anjelis. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne malami ya gano abu, ya buga takarda, shi ke nan magana ta mutu, ba ta kai gadon majinyaci ba. Sai ya kawo cibiyar da ba riba take nema ba, tana jikin jami'a amma da hukumarta, injiniyoyinta su ɗauki bincike su mai da shi na'urar da kamfani zai nemi lasisinta. Daga baya ya yi irinta a jami'o'in Purdue da Technion ta Haifa. Tamu ba cikin nasa take ba, ƙarama ce, tsarin kawai aka aro.

Na rubuta duk wannan a littafina kamar mai shirin jarrabawa. Abin da ya wuce ni shi ne, gaba ɗaya ginin a kan takardar mallakar ƙirƙira yake tsaye. Tun dokar Bayh-Dole ta 1980 jami'o'in Amurka suka samu damar riƙe abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, kuma in babu takardar mallaka, babu kamfanin da zai zuba sisi.

Na'urarmu ta auna ciwon shawara ce a jikin jariri, da haske, ba sai an ɗebi jini ba. Ni da na ga yadda jarirai ke komawa ruwan ɗorawa a gida ana ta jiƙe-jiƙe, ban ɗauki aikin nan a matsayin neman albashi ba. Da gwaji ya fara kyau, na haɗa fosta don wani taron injiniyoyi, har da zanen yadda muka jera fitilun. Na tare oga a baranda, kofin shayi a hannunsa. Ya duba, ya gyara mini kalma ɗaya da biro, ya ce in je. Ban nemi ya sa hannu ba, ban bi ta ofishin lauya ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Bayan mako biyu lauyar ta kira ni. A Amurka, in ka bayyana ƙirƙirarka da kanka, kana da shekara guda ka shigar da takardar neman mallaka. A Turai babu wannan sassauci; ranar da fosta ta hau bango, magana ta ƙare. Kamfanin da muke tattaunawa da shi kuwa kasuwar Turai yake so, sai ya janye.

A taron hukuma oga ya ce bai taɓa ganin fostar ba. Takardar da ya yi wa gyara tana cikin jakata a ƙarƙashin tebur. Ban fito da ita ba, don bizata a hannun cibiyar take. Har yau in na tuna, sai in ji ɗaci a maƙogwaro.

Ga masu zuwa: izinin baki ba izini ba ne, ku tura imel. Ku san lauyar cibiya tun ba ku buƙace ta ba. Ku sa kwanan wata a kowane shafi na littafin gwaji.

Shekarar da ta rage na yi ta ne wajen sake fasalin na'urar ta wata hanyar da ba ta cikin fostar, kuma wannan karon sai da aka shigar da takarda kafin na buɗe baki. Samfurin yana durowa ta biyu, da bayanin saitinsa a rubuce da hannuna. Duk wanda ya gaje ni, don Allah ya gwada shi a kan fata mai duhu tukuna, don a nan na farkon ya fi ba mu wahala.