Idan wisiye ya kawo takardar gwanjon gida

A Garwa da Marwa, wanda ya jinginar da gidansa ya ci bashin banki yakan ɗauka ranar da ya kasa biya shi ke nan gida ya tafi. Ba haka ba ne. Kamaru da Chadi suna bin dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, kuma ta hana mai bin bashi ya karɓe gidan da mutum yake zaune a ciki ya mai da shi nasa. Sai dai ya bi hanyar gwanjo, ita kuwa akwai jan lokaci.

Farko wisiye, wato ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a, zai kawo umarnin a biya cikin kwana 20. Karɓi takardar, ka rubuta kwanan wata. Masu cewa yaro ya ce maigida ba ya nan kansu suke cuta, don kwanakin ba sa tsayawa. In wa'adi ya cika ba a biya ba, a kai takardar ofishin rajistar filaye, daga nan ba ka da ikon sayar da gidan ko sake jinginar da shi.

Daga ranar da aka yi rajistar takardar, lauyan banki yana da kwana 50 ya ajiye kundin sharuɗɗan gwanjo a kotu. A nan galibi ake yin asara. Duk ƙorafinka sai a rubuce, kuma ya isa kotu aƙalla kwana 5 kafin zaman sauraron ƙorafi. Ka makara, ƙofa ta rufe. Nemi lauya ya duba farashin buɗe gwanjo, domin bai halatta ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan ba. Gidan sefa miliyan 20 ana iya fara tayinsa daga miliyan 5, abin da ni dai nake ganin ya yi arha ƙwarai.

Gidan gado da ba a raba ba, wanda ke bin magaji ɗaya bashi ba zai sa rabonsa a gwanjo ba sai an raba tukuna. In kuma kuɗin hayar gidan na shekara 2 zai biya bashin, ka miƙa wa banki hayar, alƙali na iya dakatar da maganar.

Ko bayan an kaɗa ƙararrawa, cikin kwana 10 wani na iya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma a kan farashin, a sake gwanjon.