Yi wa farfelar injin ban ruwa rigar nikel: zafi ne sirrin aikin

Manoman rani na Dadin Kowa sun san yadda yashin kogin Gongola ke cinye farfelar injin ban ruwa. Yawancinta ƙarfen kas ce, wato ƙarfen zubi, kuma ana iya shimfiɗa mata wani ƙarfe mai jure gogayya da walda ta ƙara daɗewa. Sai dai kas ba ya yafe gaggawa.

Dalili kuwa, kas na ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ninkin ba ninkin na ƙarfen rodi. In ya narke ya huce da sauri, gefen waldar kan ƙandare ya yi gautsi, sai ka ji ƙas, ya tsage.

A fara da wanke maiƙo da tsatsa. Tsohon kas yana shan mai, don haka a gasa shi har hayaƙi ya daina tashi, in ba haka ba waldar za ta fito da ƙananan ramuka. A goge da giranda, a bi da zarto, domin giranda kan shafe baƙin girafait, wato kabon ɗin da ke cikin kas, a saman ƙarfen ya hana walda kamawa. A shafa kananzir, a share, a goga alli. Inda layi ya jiƙe, akwai tsaga.

Daga nan a ɗumama farfelar gaba ɗaya zuwa wajen digiri 300, ba gefe guda ba. Shimfiɗar farko da sandar walda ta nikel za a yi, mai kaurin milimita 2.5, wuta tsakanin amfiya 60 da 80. Kada ɗinkin walda ya wuce santimita 3. A bubbuga shi da ƙaramar guduma tun da zafinsa, a koma wani fiffiken. Sandar na da tsada, shi ya sa wasu masu walda ke tsallake ta su ɗora sanda mai tauri, wato mai jure gogayyar, kai tsaye. Arha ce ta banza, ɓamɓarewa rigar take yi. Mai taurin a kan nikel take zama, shimfiɗa biyu iyaka.

Da an gama, a binne cikin busasshen yashi ko toka har ya kwana. Lokacin hunturu a kare iska tun ana aikin, kuma a sa takunkumi saboda hayaƙin nikel.

Kafin ɗaurawa a zura farfelar a sanda a juya. Gefen da ke rinjaya a rage shi, don mai nauyin gefe guda boris, wato ƙwallayen da sandar injin ke juyawa a kansu, take kashewa.